Koriya ta Arewa ta gina otal-otal a bakin teku: wa zai je, kuma aljihun wa kuɗin za su shiga?

Direba_Nima:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Wani labari na gani ya tsaya mini a rai, don sana'ata ke nan, ɗaukar baƙi daga filin jirgin Accra zuwa Cape Coast da Elmina. Koriya ta Arewa, ƙasar Kim Jong Un, ta gina katafaren wurin shaƙatawa a bakin teku a garin Wonsan, ana ce masa Kalma. An yi bikin buɗe shi a watan Yunin 2025, da otal-otal masu ɗaukar mutum kusan 20,000. To ƙasar da baƙo ba ya fita ƙofar otal shi kaɗai, ga takunkumi ya yi mata katutu, za ta iya cin abinci da yawon buɗe ido kuwa? Ni a ganina asarar siminti ce. Baƙon da nake ɗauka, kafin mu wuce Kasoa ya ce in tsaya ya sha kwakwa, ya ɗauki hoto, ya yi hira da mai tallar, ya tambaye ta 'ya'yanta nawa. Don wannan ya biya kuɗin jirgi. In ka hana shi wannan, me ka sayar masa?

Dan_Mamobi:
Wa alaikumus salam Yaya. Koriyar da Kudus ya zura wa ƙwallo biyu a Qatar? Ai waɗannan suna da kuɗi, motocinsu ne cike da titin Nima.

Zainabu_Legon:
A'a Dan_Mamobi, waccan ta Kudu ce, masu Hyundai da Kia, ita muka ci 3 da 2 a 2022. Ta Arewa daban. Tun 1945 aka raba su, suka gwabza yaƙi daga 1950 zuwa 1953, kuma har yau tsagaita wuta kawai aka yi, ba a sa hannu a kan sulhu ba.

Yaya Direba, ni ban yarda asarar siminti ba ce in ka dubi lissafinsu. A 2017, bayan gwaje-gwajen nukiliya da makamai masu linzami, Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya hana a sayi kwal ɗinsu da ƙarfe da kifi da tufafin da suke ɗinkawa, aka kuma ce duk ma'aikatansu da ke ƙetare a mayar da su gida kafin ƙarshen 2019. Wato hanyoyin samun kuɗin waje aka toshe. Yawon buɗe ido bai shiga cikin takunkumin ba. Kuma a can kamfanin da ke karɓar baƙo na gwamnati ne, otal na gwamnati, motar safa ta gwamnati, 'yan rakiya biyu da ke manne da kai ma'aikatan gwamnati ne. Baƙo da yuro ko dala ko kuɗin China yake biya. Ko mutum dubu kaɗai suka zo, abin da suka kashe baitulmali ya nufa kai tsaye.

Direba_Nima:
Na ji ƙanwata. Amma dubu ɗaya ina, dubu ashirin ina? Su wa ke zuwa yanzu?

Zainabu_Legon:
Nan matsalar take. Kafin korona, mafi yawan baƙinsu 'yan China ne, Turawa 'yan dubbai kaɗan a shekara. A Janairun 2020 suka rufe iyaka ruf, suna cikin na farko a duniya. Sai Fabrairun 2024 rukunin farko ya shiga, 'yan Rasha kusan 100 daga Vladivostok, aka kai su wasan zamiya a ƙanƙara a Masikryong. A duk shekarar 2024 'yan yawon buɗe idon Rasha ba su kai 2,000 ba.

Baba_Aboabo:
Salamu alaikum daga Kumasi. 'Ya'yana, ku bar ni in tuna muku abin da da yawanku ba ku gani ba. A 1983 wa ke zuwa Ghana yawon buɗe ido? Fari, gobarar daji ta cinye gonakin koko, ga mutanenmu wajen miliyan ɗaya da Najeriya ta koro a lokaci guda, ga dokar hana fita da dare. Muna bin layi tun asuba a kan sabulu da sukari, a zo kanka a ce ya ƙare. A lokacin ma gidajen bayi na Cape Coast da Elmina suna nan inda suke, UNESCO ta riga ta sa su a jerinta tun 1979, amma babu mai zuwa. Sai da aka koma mulkin farar hula, aka fara bikin al'adun Afirka na PANAFEST a 1992, aka yi gadar igiya ta Kakum, Clinton ya zo a 1998, Obama ya shiga gidan bayi na Cape Coast da iyalinsa a 2009, sannan aka yi Shekarar Dawowa a 2019, da aka gayyaci zuriyar bayin da aka kai ƙetare su ziyarci gida, baƙi suka haura miliyan. Ginin bai canza ba ɗana Direba, mutane ne suka yarda cewa in sun shigo za su fita lafiya. Don haka ba na yanke wa kowace ƙasa ƙauna. Amma abin ya ɗauke mu shekara talatin da wani abu, kuma mu da kanmu muka buɗe.

Mma_Fadama:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Layin sukarin nan ni ma na bi shi, ina goye da ƙanena.

Dan_Agadas_Kotoku:
Ni ba sai na je Koriya ba, a gidanmu abin ya faru. Albasa nake sayarwa a Adjen Kotoku, amma mahaifina maƙerin azurfa ne a Agadas. Muna yara, da sanyi ya shigo jirgi ke tasowa daga Faransa ya sauka garinmu kai tsaye. Tsoho ya shimfiɗa baƙin ƙyalle, ya jera sarƙoƙi da zobba, ya zauna yana goge su da toka. Bature ya tsuguna ya ɗauki ɗaya, a yi ta ciniki, a sha shayi kofi uku kafin a daidaita. Cinikin wata uku ke ciyar da gidanmu shekara. Ba mu kaɗai ba: direbobin da ke kai su Tenere da Timiya da Iferwan, masu raƙuma, masu dafa abinci, dukawa, har yaran da ke raka su hawa hasumiyar babban masallaci.

Tawayen 2007 ya fara kashe kasuwar. A 2008 aka soke tseren motocin Dakar, shekarar da ta biyo aka kai shi Kudancin Amurka. A 2010 aka sace ma'aikata a Arlit, shi ke nan. Baƙo raɓa ne, rana ɗaya muka wayi gari babu. Abin takaici, a 2013 UNESCO ta sa tsohon garin Agadas a jerinta, lokacin babu mai zuwa kallo. Direbobin nan da suka san hamada sai suka koma kai matafiya Libiya, aka yi dokar hana safarar 'yan ci-rani ta 2015 aka kama wasu aka ƙwace motoci. Wasu suka tafi haƙar zinari a Jado. Yayana ya gaji ƙira, yanzu nan Accra yake kawo kayan, yana sayar wa irin Turawan da dā suke zuwa har ƙofar gidanmu.

Abin da nake so in ce, mu ƙofarmu a buɗe take, tsoro ne ya hana su. Su Koriya babu mai sace ka a hanya, amma hukuma ce abin tsoron. Duka biyun baƙo ba ya so.

Sankara_Ashaiman:
Ɗan uwa na tausaya maka, amma a faɗi gaskiya. Wa ke cewa ƙasa "a ware take"? Turawa. Su ke shafa wa taswira jan fenti su ce wa mutanensu kada ku je, kamfanin inshora ya janye, jirgi ya daina sauka. Makami ne kamar kowane makami. Ƙasar da ta ƙi yi musu biyayya ita ake shafa wa. Kun ga yadda filin Black Star ya ɗauki sowa da aka ambaci Ibrahim Traoré na Burkina Faso ranar rantsar da Mahama a Janairun 2025. Duniya ta canza. Koriya ta Arewa ba ta buƙatar Bature, tana da Rasha da China. Putin da kansa ya je Pyongyang a Yunin 2024 suka ƙulla yarjejeniya, kuma a Yulin 2025 aka fara jirgi kai tsaye daga Mosko.

Dan_Agadas_Kotoku:
Malam Sankara, jan fentin nan ya cuce mu, ban musa ba. Akwai shekarun da garinmu lafiya lau amma taswira ja. Sai dai ka tuna Kure, wurin raƙuman dawa kusa da Yamai. A Agustan 2020 aka kashe Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, direba da ɗan jagora. Lokacin Mahamadou Issoufou ne, ana ɗasawa da Faransa. Wannan ba taswira ba ce, jini ne. Kuma a Janairun 2025 an sace wata mata 'yar Austriya a cikin garin Agadas, wadda ta yi shekaru tana zaune tare da mu. Ni ɗan ƙasa ne, ina son ƙasata, amma ba zan ce wa baƙo babu komai ba.

Alhaji_SabonZango:
Maganar Nijar ta taɓa mu duka. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 da ECOWAS ta rufe iyaka, motocin albasa suka maƙale a hanya, kowa ya ga yadda buhu ya tashi a Accra. In albasa ba ta iya wucewa ba, ina ga mai yawon buɗe ido.

Ustaz_Madina:
Akwai abin da ba a taɓo ba. A Pyongyang, a tudun Mansudae, akwai manyan mutum-mutumin tagulla biyu na Kim Il Sung da Kim Jong Il, kakan Kim Jong Un da mahaifinsa. Baƙon da aka kai wurin ana so ya tsaya a sahu ya rusuna musu, a ajiye furanni. Musulmi ba ya rusuna wa gunki, ko na wane ne. Ga batun yanka da naman alade. Masallacin da aka sani a birnin yana cikin harabar ofishin jakadancin Iran ne. Ƙasar da ke neman baƙi amma ta gindaya wannan, ta rufe wa kanta kasuwar Musulmi, ga su nan Indonesiya da Malesiya a nahiyarsu.

Dan_Mamobi:
Allah ya gafarta Malam, to Saudiyya fa? Ita ma dā ba a zuwa sai da aikin Hajji ko Umara ko aiki, amma a 2019 ta fara ba da bizar yawon buɗe ido, yanzu har 'yan ƙwallo suna can.

Ustaz_Madina:
Ɗana, ba ɗaya ba ne. Saudiyya ta saba karɓar miliyoyin mutane kowace shekara, tana da filayen jirgi da otal da ma'aikatan da suka san baƙo, tana da kuɗin mai, kuma babu takunkumi a kanta. Ƙara faɗin ƙofa ta yi.

Kawu_Cuba:
Misalin da ya fi kusa shi ne Cuba. Ina cikin yaran da aka tura karatu can zamanin Rawlings, a tsibirin da ake kira na Matasa. Muna nan abubuwa da sauƙi, don Tarayyar Sobiyet na ɗauke da su. Da ta rushe a 1991, wahalar da suka sha ba a magana: ba mai, ba wuta, abinci da kati. Castro bai so ba, amma dole ta sa ya buɗe wa 'yan yawon buɗe ido. A 1993 ya halatta riƙe dala, kamfanonin Sifen suka shigo suka gina otal-otal a bakin tekun Varadero, Turawa da 'yan Kanada suka yi ta zuwa. Ɗan ƙasa kuwa an hana shi kwana a otal ɗin har 2008.

Kuɗi sun shigo, gwamnati ba ta faɗi ba, wannan gaskiya ne, kuma na san Kim ya lura da shi. Amma ga abin da ya biyo baya. Wani abokina da muka yi aji ɗaya, injiniya, ya rubuto mini cewa ya ajiye aikinsa ya koma ɗaukar akwati a otal, don abin da baƙo zai miƙa masa a rana ɗaya ya fi albashinsa na wata. Jama'a suka rabu biyu, masu taɓa dala da marasa taɓawa. Kuma mai ɗaukar akwati yana ganin wayar baƙo, yana jin nawa ake biyan lebura a Kanada, ya koma unguwa ya faɗa. Wannan Kim yake tsoro fiye da talauci. Yana son kuɗin baƙo, ba ya son bakin baƙo da idonsa. Shi ya sa ya gina wurin a wani zirin ƙasa da ya kutsa cikin teku, mai sauƙin killacewa.

Zainabu_Legon:
Kawu ya faɗi zancen. Dubi abin da ya faru a Rason, can arewa kusa da iyakar China da Rasha. A Fabrairun 2025 suka bar Turawa suka shiga, cikin kusan mako uku suka sake rufewa ba tare da bayani ba. Da yawa cikin waɗanda suka shiga masu YouTube ne, kuma masu bin lamarin sun danganta rufewar da bidiyoyin da suka fito. Ita kanta Kalma, 'yan makonni da buɗewa aka sanar da dakatar da karɓar baƙin waje na ɗan lokaci. Yaya Direba ya san wannan sana'ar: kamfanin da zai sayar da tikiti wata shida kafin tafiya ba zai iya aiki da ƙofar da ake buɗewa yau a rufe gobe ba.

Mma_Fadama:
Ni fa a nan ɗaya na ɗan fahimce su. Ranar Laraba ku je kasuwar Nima ku gani. A kawo baƙi, ga hatsi, ga kayan yaji, ga mata sun yi kwalliya, ga masallacin Kanda can yana ƙyalli, amma mutum ya wuce duk wannan ya je ya saita kyamara a kan babban kwata da yaro marar riga. Wata ta taɓa tsayawa kaina ina zuba wa mutane waakye, ba sallama, ba ciniki, sai ɗaukar hannuna take. Na ce mata ta goge. Abin yana da ciwo a nuna ka a duniya ta inda ba ka so.

Direba_Nima:
Mma, gaskiyarki, kuma ni nakan gargaɗe su tun a mota: ka gaisa, ka nemi izini, ka sayi wani abu. Amma ki duba, ke kika ce ta goge, ba soja ba. Kuma wanda ya yi sallama ya saya, kuɗin a lalitarki suka shiga. A Disamba nawa kike sayarwa?

Mma_Fadama:
Disamba kam Alhamdulillahi, tukunya biyu nake ƙarawa. To ai tambayata ke nan tun ɗazu. Ita mai abincin Wonsan, ina nata rabon? In baƙo ba zai iya tsayawa gabanta ba, ko otal dubu aka gina ita ba ta gani a ƙasa ba.

Sankara_Ashaiman:
Mma, a nan ma manyan otal-otal na bakin teku na su wa ne? Ribar waje take fita. Gara ma a can gwamnati ce ke karɓa.

Alhaji_SabonZango:
Gwamnati ta karɓa ta yi me da su? Wanda zai tambaya a can yana da kai biyu ne? Mu nan ko hanyar Kasoa ta lalace muna kiran gidan rediyo mu yi ta faɗa. Kuma da ma a gyara hanyar Salaga da ta Larabanga, baƙi su riƙa kaiwa arewa, ba kullum bakin teku ba.

Mai_Zaure:
Jama'a a yi haƙuri, kada a karkata zuwa siyasar jam'iyyun NDC da NPP, mun san inda yake kai mu. A koma kan tambayar Direba.

Zainabu_Legon:
To bari in koma. Kasuwar da ta fi kusa da su, ta fi kuɗi, harshe ɗaya, abinci ɗaya, ita ce Koriya ta Kudu, mutum sama da miliyan 50. Kuma an taɓa gwadawa. Daga 1998 kamfanin Hyundai ya riƙa kai 'yan Kudu tsaunin Kumgang, kusan mutum miliyan 2 suka je cikin shekara goma. A Yulin 2008 wani soja ya harbe wata mata 'yar Kudu da ta fita tattaki da asuba ta shiga inda aka hana, tun daga ranar aka tsayar. A 2019 Kim ya ce a kwashe gine-ginen 'yan Kudu daga wurin, sannan a farkon 2024 ya ayyana Kudu a matsayin babbar abokiyar gaba. Amurkawa kuma gwamnatinsu ta hana su zuwa tun Satumban 2017, bayan ɗalibin nan Otto Warmbier da aka yanke wa ɗaurin shekara 15 a kan zargin cire allon farfaganda a otal, aka mayar da shi gida a sume, ya rasu cikin kwanaki. Saura China da Rasha. Malam Sankara, jirgin Mosko da ka ambata sau ɗaya a wata aka fara shi, tafiyar awa 8. Ɗan Mosko mai son teku yana da Turkiyya da Masar da Tailan, inda zai yi yawonsa ba mai bin sa. In ba 'yan China ne suka dawo da yawa ba, ɗakunan nan ba baƙin waje ne za su cika su ba.

Sankara_Ashaiman:
Ban gamsu ba. Shekara biyar baya wa ya zaci Rasha za ta rungume su haka? A ba su lokaci.

Kawu_Cuba:
Rungumar ma tana iya rage musu sha'awar baƙi. Sun tura wa Rasha makamai, sun tura sojoji yankin Kursk na Rasha su taya ta yaƙi da Yukren, ƙasashen biyu sun tabbatar da batun sojojin a Afrilun 2025. Wanda ke samun mai da abinci ta wannan hanya, me zai sa ya jure wa mai kyamara? Castro ya buɗe ne don ba shi da kowa. Kim yanzu yana da wani.

Baba_Aboabo:
To ɗiyata Zainabu, in baƙin waje ba za su cika shi ba, wa aka gina wa? Mutumin da ya kashe wannan dukiya ba don kifaye ya yi ba.

Zainabu_Legon:
Baba, 'yan ƙasa aka fara buɗe wa, ranar 1 ga Yulin 2025. Tun bayan yunwar shekarun 1990 kasuwanni suka bunƙasa a can, aka samu 'yan kasuwa masu ɓoye dala da kuɗin China a gida. Wuri irin wannan hanya ce ta fito da kuɗin su dawo hannun hukuma, kuma abin nunawa ne a talabijin cewa takunkumi bai karya su ba.

Direba_Nima:
Ke nan ko baƙo bai zo ba shi ya ci ribarsa. Ni dai har yanzu ina kan bakana ta fuskar sana'a, don direba irina ba shi da gurbi a wannan tsarin. Dan_Agadas, ranar Asabar ina da mutum shida 'yan Jamus da suka ce suna son kayan azurfa. Ka turo mini ta akwatin sirri inda yayanka yake zama.

Dan_Agadas_Kotoku:
Na gode Yaya, Allah ya bar zumunci. Zan turo bayan Isha'i, yanzu mota ta iso muna sauke kaya.